Rukunin Amintattu

Kwamfutar Yaya, cajarta, fom kwafi biyu, biro, robar ruwa, maganin hawan jininsa. Abin da ke kujerar baya ke nan. Shi ke tuƙi, ina gefensa. Muka haye gada.

"Auta, wannan shiru kamar masu zuwa ta'aziyya?" ya ce. "Sa hannu ne fa kawai."

Shekara biyu ya yi yana rubuta ƙunshin manhajar nan. Aikin ƙunshin ɗaya ne: ya karɓi bayani ya ajiye a ma'adanar bayanai, ya fito da shi in an nema. Yau za a yi masa rajista a rumbun manhajojin da ma'aikatu goma sha biyu ke tarayya a kai. Mai rajistar kuwa ni ce.

Rukuni biyu ne a rumbun. Akwai na gwaji, inda abu kan yi wata shida ba mai kallonsa. Akwai na amintattu, wanda kwamfutocin ƙananan asibitoci ke janyowa da kansu kullum da sha biyun rana, ba sa tambayar kowa. Shugaban Yaya ya ba shi wa'adi zuwa yau. In ƙunshin bai shiga amintattu ba, wani zai hau kujerarsa.

Ɗakin rajista yana ƙasan bene, ba taga, sai sanyi da gurnanin injina. Baba Waya, tsohon mai gyaranmu, ya riga ya kunna Jaka, wata kwamfutar tebur da ta girmi rabin ma'aikatanmu. Ba ta da batir, shi ya sa muke ajiye da ita.

Yaya ya miƙo min fom. Ya riga ya yi alama a gidan amintattu, da birona ma.

"Sai an yi gwajin soket," na ce.

"Na yi shi sau ɗari a gida."

"A kan me?" Baba ya tambaya.

Yaya ya dafa kwamfutarsa. "Ina zare caja tana tsakiyar aiki. Ko gezau."

"Mai batir?" Baba ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ɗana, ai a kan tabarma ka koyi iyo."

Muka ɗora ƙunshin a kan Jaka. Tawa kwamfutar ta fara aika mata sunayen marasa lafiya na ƙarya, tana ƙirga duk wanda ƙunshin ya ce ya ajiye. Baba ya durƙusa, ya kama wayar, ya kawar da kai don kada ya zaɓi lokaci. Ya fizge.

Jaka ta mutu. Ƙirgena ya tsaya a ɗari shida da huɗu.

Kafin ta farfaɗo sai da ta ɗauki minti uku. Yaya ya sha ruwa. Na buɗe ma'adanar na ƙirga. Ɗari shida da ɗaya.

"Sake," in ji Yaya.

Muka sake. Wannan karon biyar suka ɓace. Ƙunshin yana cewa ya ajiye tun abin yana hannunsa, bai kai ƙasa ba. Na duba ta ƙarshe a cikin ɓatattun: wata mata, an rubuta a gaban sunanta cewa jikinta ba ya karɓar wata allura.

"Ba mutane ba ne," Yaya ya ce. "Ke kika ƙirƙire su."

"Da sha biyu za su zama mutane."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti ashirin. Yaya ya matso kusa da ni.

"Sati ɗaya, in gyara, ba wanda zai sani. Sau nawa ake ɗauke wuta daidai lokacin?"

Baba ya ɗaga ido ya dubi ƙwan fitila.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya duba, ya gyara tsayuwa kamar mai kiran yana ganinsa.

"Ranka ya daɗe. E, muna wurin. Lafiya lau. Yanzu take sa hannu." Idonsa na kaina har ya kashe.

"Auta." Muryarsa ta sauka. "Wa ya goya ki zuwa makaranta da kika karye a ƙafa? Me kike so in je in gaya wa Inna?"

"Gaskiya."

"Ke ce za ki koya min ita?"

Ƙa'idar rumbu ce, lokacin shigar da rajista ba mai zama a ɗakin sai mai rajista. Baba ya tattara wayoyinsa ya fita, yana jan ƙafa. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa.

"In kika yi min haka, kada ki ƙara tako gidana. Ko yarana kada ki kira."

Na san shi. Ba ya faɗin abu sau biyu, ba ya kuma janyewa.

Na tura ƙofar har sai da makulli ya kama. Ina jin numfashinsa ta bayan katakon.

"Yaya," na ce, "rukunin gwaji zan sa shi."