Yaron da Ya Bi Ruwan Nahar

Talat Jabeen ta sa mai adaidaita ya sauke ta tun kafin gada, ta ce ragowar da ƙafa za ta ƙarasa.

"Cikin wannan rana, Baji? Ko shanun can sun fi ki dabara, dubi yadda suka kwanta a ruwa."

Baji, wato babbar yaya, haka ake kiran mace a nan don girmamawa. Ta gangara 'yar hanyar da ke bin gefen Nahar, magudanar da ta ratsa Lahore. Tun tana budurwa take bin hanyar nan, kuma duk littattafan yaran da ta rubuta a nan ta tsinto su: ruwan mai kalar shayi da madara, itatuwan da suka sunkuyo kansa, masu kankana da ke tsoma kayansu a raga don su yi sanyi. Yau ma yara sun cika gada suna daka tsalle, ɗaya na yi wa ɗaya ihu, "Matsoraci! Kira mamarka ta riƙe maka hannu!" Talat ta kau da kai.

Jiya wata malamar firamare ta kira ta. A watan da ya wuce Talat ta je makarantarsu ta raba sabon littafinta, labarin yaron da ya bi Nahar don ya ga inda ruwan ke fitowa. Ranar Lahadi wani ɗan aji uku, Zohaib, ya ce shi ma zai je ya gani. Santsi ya kwashe shi a gindin gada. Sai washegari aka same shi.

A ƙofar gidan makokin ta tarar da mahaifinsa, Shafqat, tela ne, idanunsa jajur.

"Ke ce mai littafin?"

"Ni ce."

"Kin iya ruwa?"

"A'a."

"Shi ma haka." Ya matsa ya ba ta hanya.

A ciki mata sun kewaye farin ƙyalle, suna salati suna ƙirgawa da ƙwallayen dabino. Talat ta zo da shirin shan zagi, har tana ganin zagin zai fi mata sauƙi. Amma da aka nuna ta ga Kausar, uwar yaron, sai matar ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Ta zaro littafin daga ƙarƙashin mayafinta. Bangon duk maiƙo, an lanƙwashe kusurwar wani shafi can kusa da ƙarshe.

"Ni ban yi makaranta ba, Baji. Shi yake karanta mini ina gasa gurasa. In na yi tambaya ya ce, 'Ammi, ke fa da garaje, ki bari mana!' Da muka zo nan ya rufe, ya ce ba zai ga ƙarshen ba sai ya je da ƙafarsa, ya gane ko gaskiya kika faɗa." Ta ɗora mata littafin a cinya. "Karanta mini. Ina so in ji abin da ya sami yaron nan."

Talat ta san abin da ke shafin, ita ta rubuta shi. Ta yi tunanin ta canza, ta tsayar da labarin a bakin ruwa, ba wanda zai gane. Ta dubi Kausar, ta ga ta gyara zama tana jira.

Sai ta karanta yadda yake. Yaron ya gaji, yunwa ta kama shi, ya juyo. Ana kiran magariba ya turo ƙofa, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu. Uwarsa ta murɗe masa kunne, sannan ta lulluɓe shi da mayafinta ta zuba masa shinkafa.

Wata tsohuwa ta toshe baki da gyale.

"Ya dawo ke nan," in ji Kausar.

"Ya dawo."

"Har ta murɗe masa kunne?"

"Kaɗan dai."

Kausar ta girgiza kai. "Ai ba ta kyauta ba." Ta goge ido da bayan hannu, ta ƙara matsowa har kafaɗarsu ta haɗu. "Koma baya, Baji. Daga inda ya turo ƙofa."

Talat ta juya shafin baya.