Takardar da Alhaji Gwadabe Ya Ɓoye

Alhaji Gwadabe dillalin albasa ne a Kasuwar Bodija da ke Badun, kuma duk unguwar Sabo an san yadda yake ji da ɗansa Musbahu, wanda shi ne ya fara shiga jami'a a gidansu. A shekararsa ta biyu aka kama yaron da kwalaben kodin a ɗakin kwanan ɗalibai, aka kore shi. Hukumar makarantar ta ba uban takarda mai bayanin dalili, da shawarar a kai shi wurin likita.

Gwadabe ya ninke takardar ya tura ƙasan akwati. Ya ce wa matarsa Suwaiba yajin aikin malamai ya yi yawa, gara yaro ya ƙarasa karatu a Kwatano. Ya yi wa Musbahu faɗa, ya sa shi ya rantse ba zai ƙara sha ba, ya raka shi tasha.

Bayan wata bakwai aka kawo gawarsa.

Shekara ta zagayo, ran wata Laraba da la'asar, wani baƙo ya yi sallama. Ya ce sunansa Malam Abdulrahim, shi ke kula da ɗalibai a makarantar Kwatano, kuma shi ya kai Musbahu asibiti. Taro ne ya kawo shi Badun, na makarantun Najeriya da Binin da Togo da Nijar.

"Abin da muke nema, Alhaji, in an kori ɗalibi kan ƙwaya, a sanar da makarantar da zai koma, ko a wace ƙasa take, don a tarbe shi da magani. Musbahu ya zo mana kamar sabon ɗalibi. Sai bayan rasuwarsa abokansa suka gaya mana an taɓa korarsa. Da za ka zo ka yi magana, za su saurari uba fiye da mu."

Suwaiba na bakin ƙofa da kwanon ruwa a hannu.

"Alhaji, wace kora?"

Bai iya kallonta ba. Ya tashi ya ɗauko takardar ya ba baƙon, ya ce ya karanta mata da Hausa. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye ruwan, ta koma ɗaki.

Washegari Gwadabe ya je taron. Ya tsaya gaban mutane masu kwat da manyan riguna, ya faɗi abin da ya yi, ana fassarawa zuwa Turanci da Faransanci. Ya ce kunyar unguwa ya ji. Da ya zauna, wasu suka ce a sa hannu kan shawarar yau, wasu suka ce tona asirin yara ne, sai an duba dokar kowace ƙasa. Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba a Lome.

Da ya dawo gida ya tarar da Suwaiba a tsakar gida tana tankaɗen garin ɗanwaken sayarwa. Ya zauna a kan turmi, ya gaya mata yadda aka yi.

"Ɗan maƙwabciyarmu Azumi ma ya sha kodin," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na raka ta muka kai shi asibiti, wata huɗu muna zuwa. Ya warke, yanzu yana ɗinki a unguwar Ojoo. Na san hanyar, Alhaji."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce Allah ya yafe musu baki ɗaya, ta ci gaba da tankaɗe.