Rahoto Saba'in Kafin Azahar

A ofishinmu ana cewa Kawu ya fi kwamfutarsa shiru. Masinja ya ce a da tela ne, sai da furfura ta fito ya koyi rubuta manhaja, shi ya sa yake bin kowane layi kamar ɗinki. Manaja kuwa cewa take yi sanyin jikinsa ya yi yawa.

Shi ya kafa wa shafin rajistar ɗalibanmu doka: kada burauza, wato manhajar da ake buɗe shafin intanet da ita, ta bi wani umarni sai wanda muka rubuta da kanmu. In baƙon umarni ya kutso, ta tare shi, ta aiko wa Kawu rahoto.

Ranar Litinin kafin azahar rahoto saba'in suka shigo. Manaja ta tsaya a kansa.

"Kawu, masu kutse ne, ko dokarka ce ta haukace?"

"Ban sani ba tukuna, ranki ya daɗe."

"To ka cire ta kafin a tashi, ko in nemo wanda ya sani."

Cirewa kuwa barin sunaye da lambobin ɗalibai ne ƙofa a buɗe. Kawu ya buɗe shafin a kwamfutarsa, shiru. Ya buɗe a tawa, shiru. Can sai ga wasu rahotanni uku sun faɗo. Muka yi ta kallon juna. Ƙarfe ɗaya suka ɗauke ɗif, ƙarfe biyu suka dawo.

Masinja ya ce, "Kai, ɓarawon nan har hutun cin abinci yake tafiya!"

Kowa ya yi dariya ban da Kawu. Ya daɗe yana kallon ƙofar Manaja, wadda dawowarta ke nan daga cin abinci, sannan ya je ya ƙwanƙwasa, ina biye da shi.

"Ranki ya daɗe, kin ƙara wa burauzarki wani abu?"

"Ni? Babu. Sai dai ɗan abin nan mai ƙara girman rubutu da ƙanwata ta sa mini jiya, saboda idona."

"Shi ne yake cusa umarninsa a kowane shafi."

Ya kashe shi, ta sake buɗe shafin. Babu rahoto.

Ta riƙe baki. "Ni fa tun safe nake ta buɗewa, ina duba ko ka gyara."

Kawu ya koma kujerarsa. An ɗan jima ta fito, ta tsaya tsakiyar ofis tana juya tabarau a hannu.

"Kawu, a gabansu na yi maka tsawa, a gabansu zan faɗa. Laifina ne. Don Allah ka yafe mini."