Addu'ar da Ta Kori Jikata

Ƙarfina a ramin kwal na jihar Kentucky ya ƙare, kuma ban taɓa roƙon kowa ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar biyan zubar da ciki da kuɗin haraji a cocinmu, ina cikin masu cewa a'a. Dattijon coci, Harlan Sizemore, shi ne mai babbar murya. Kullum yana cewa namu mu za mu riƙe, ba gwamnati ba.

Jikata Shelby ni na raine ta. Tana aikin renon yara a cocin. Ta samu ciki, da ya yi nisa likita ya ce ƙoƙon kan ɗan bai haɗu ba, ko an haife shi ba zai kwana ba. Inshorar gwamnati ta talakawa ta ce ba za ta biya kuɗin cire cikin ba, tunda ran uwar ba ya cikin haɗari.

"Kaka, ba zan iya ɗaukarsa har wata tara ina jiran gawa ba," in ji ta.

Na sayar da bindigar farautata, na kai ta asibitin birni, aka cire cikin.

A kwarinmu in wani na cikin damuwa, sai a sa sunansa a sarƙar addu'a: wannan ta buga wa waccan waya, waccan ta buga wa ta gaba. Ƙanwata Ocie, da kyakkyawar niyya, ta sa sunan Shelby, har da dalili. Kafin mu dawo, babu gidan da bai yi mata addu'a ba, babu kuma gidan da bai yanke mata hukunci ba.

Ran Litinin aka ce kada ta zo aiki.

Na sami Harlan a garejinsa na sayar da taya yana shan kofi.

"Ɗan'uwa Virgil, iyaye ne suka yi ƙorafi," in ji shi. "Ka san matsayinmu."

"Matsayinmu haraji ne. Wa ya taɓa harajinka? Aljihuna na taɓa."

"Ba maganar kuɗi ba ce kawai."

"Da can ta kuɗi ce, da bakinka. Kai da ka ce namu mu za mu riƙe, ina riƙon? Ko ƙaton tumbinka kake nufi?"

"Ka ji tsoron Allah, tsoho."

"Na ji shi a ƙarƙashin dutse, lokacin kana tallan taya."

Ya ajiye kofi ya shige ciki.

A nan ko karen mutum ya mutu maƙwabta sukan leƙo da kwanon abinci. Shelby ta rasa ɗa, har suna ta riga ta zaɓa masa. Ko cokali ba a kawo ba.

Ta jira a kira ta aiki, ba a kira ba. Da sanyi ya shigo ta haɗa kayanta, za ta tafi jihar Ohio wurin wata ƙawarta. Na ɗora mata akwati a mota.

"Kaka, ka riƙa shan maganinka."

"Tafi, hanya da nisa."

Ocie ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ta ɗauko waya, ta ce bari ta sa a yi wa Shelby addu'ar sauka lafiya. Na fizge wayar daga hannunta.