Jirgi Mai Sanyi

Tun a matakalar tashar jirgin ƙasa ta Ma'adi Intisar ta hango shi, kuma ba fuskarsa idonta ya fara sauka a kai ba, kwalbar da ke hannunsa ce. Kwalbar lemo, an naɗe ta da tsumma har wuya. Wa ke naɗe lemo da tsumma a zafin Alƙahira? Ashur dai gyaran batirin mota ne sana'arsa, kuma ranar da alƙali ya raba aurensu da hul'i, ya rantse a ƙofar kotu cewa fuskar nan da take taƙama da ita, sai ta ji kunyar madubi.

Ba ta yi ihu ba. Ta tattare siket ta kutsa cikin jama'a, ta nufi tsakiyar dakalin tasha inda taragon mata ke tsayawa.

Marigayi babanta a ma'aikatar gyaran jirage ta Tura ya ƙare rayuwarsa, yana shafa wa taragai shuɗin fenti. Shi ya ba ta labarin yadda aka sauke su daga jirgin ruwa shekarar da aka haife ta, kowane tarago kamar akwatin ƙarfe, ba ƙofa ta gaba, ba ta baya, sai ta gefe. Ranar da ya fara raka ta makaranta ya buga jikin taragon da tafin hannu ya ce, "In kin shiga na mata ƙofa ta rufe, ko Fir'auna ne sai ya jira tasha ta gaba." Ita kuwa ta girma tana tsine wa waɗannan akwatuna: fankokin da ba sa komai sai juya zafi, tagogin da sai an yi kokawa kafin su buɗe, ƙurar da ke shigowa har cikin haƙori. Amma maganar uban ta zauna mata daram.

Jirgi ya iso. Ta faɗa ciki. Ta gilashi ta ga Ashur ya ture wani tsoho ya shige taragon maza na bayansu, ƙofofi suka rufe. Sai a lokacin ta zube kan kujera. Ta tsira ke nan, a ganinta. A tasha ta gaba za ta fita cikin ayarin mata ta miƙe wurin 'yan sanda.

Ummu Basim, mai tallan tsinken gashi da safa, wadda ta tsufa a wannan layin, ta tsaya a kanta tana kallon yadda take haki. "'Yar nan, aljani ne ya koro ki ko uwar miji?" Matan kusa suka yi dariya. Wata mai ƙiba ta sassauta mayafinta tana hamdala, ta ce yau dai sun taki sa'a, mai sanyi ne ya zo.

Mai sanyi.

Iskar da ke busa wa Intisar a wuya ta zama ƙanƙara. Ai ta sani! Ta sha hawa sababbin jiragen nan, ta sha ganin 'yan talla suna ratsa su tarago zuwa tarago, daga farko har ƙarshe. Tsoro ne kawai ya shafe mata komai, ya bar ta da muryar babanta. Ta ɗaga kai, ƙofar gilashin da ke ƙarshen taragon tana zamewa gefe.

Mata suka taso wa Ashur da faɗan da aka saba, na mata ne, ba ka da ido ne, koma inda ka fito. Ko kallonsu bai yi ba. Wata ɗaliba ta tare hanya, ya kai mata gwiwar hannu a hanci, jini ya wanke farin hijabinta. Intisar ta miƙe, ta ja da baya har ta haɗu da ƙofar da ba za ta buɗe ba. Ta ɗora jakarta a fuska.

"Sauke jakar, Intisar," in ji shi, a hankali, kamar mai neman a ba shi shayi. Ya zare murfin.

Warin ne ya gaya wa Ummu Basim ko mene ne. "Ruwan batir!" Ta maka masa buhun tallanta a kunne, tsinkaye suka watse. Ya juya ya naushe ta a baki. Tsohuwar nan ta tofar da haƙori da jini, kuma wallahi maimakon ta faɗi, sai ta cafke wuyan hannunsa da hannu bibbiyu ta rataya. Kwalbar ta karkace. Ruwan ya kwarara kan hannuwanta, ya fallatsa a ƙirjinsa, ya sami Intisar a gefen wuya da bayan hannu.

Da farko sanyi ta ji. Sannan wuta.

Taragon ya kaure. Hayaƙi na tashi daga tufa da fata, wari ya shaƙe kowa, mai ƙibar nan tana ta laluben makullin taga a jikin gilashin da aka liƙe ba don a buɗe ba. Wata ta ja hannun tsayar da jirgi, ya tsaya cak tsakanin tashoshi biyu, mutane suka zube kan juna. Ashur ya faɗi, mata suka rufe shi. Takalmi mai tsini, ƙwaryar kai, cizo, tukunyar mahshi, kabejin da aka cusa wa shinkafa, da wata za ta kai wa 'yarta. Ɗalibar da ya fasa wa hanci ta taka yatsunsa har sai da aka ji ƙas. Yana kururuwa yana kiran uwarsa, babu wadda ta tausaya masa.

Ta wannan ƙofar gilashin dai maza suka shigo suka danne shi, kuma ta nan gorunan ruwa suka riƙa zuwa hannu da hannu tun daga ƙarshen jirgi, ana kwarara wa waɗanda suka ƙone.

Fuskar Intisar ta tsira. Hannuwan Ummu Basim ba su tsira ba. Yatsun sun ƙanƙance, ba za su ƙara riƙe tsinke ba. Da Intisar ta je duba ta a asibiti, sai ta fashe da kuka. Tsohuwar ta ce ta bar mata wannan shirmen ta matso kusa da haske.

"Juyo in gani. Ɗayan gefen." Ta daɗe tana dubawa. "To, madalla. Ba a banza suka tafi ba."

Ashur yana kurkuku, kowa ya tabbatar mata. Duk da haka, ranar da ta koma aiki, da sabon jirgi ya tsaya fari fat mata suka yi rububin shiga, Intisar ba ta motsa ba. Na biyu ma ya zo ya wuce. Wani ma'aikacin tasha da ya lura da ita ya matso ya tambaya ko lafiya. Ta ce shuɗin take jira.

"Tsohon? Hajiya, ai ɗaiɗai suka rage. Ana ta kai su Tura ana kwancewa."

Ta ce ba ta sauri. Ta gyara mayafin a kan tabon wuyanta, ta koma bakin dakali cikin rana, tana leƙen hanyar da jirgi ke fitowa.