Kwamfutar Yamusa

Ranar Alhamis da safe Asibi ta yaye zanen da ke rufe da kwamfutar mijinta, ta karkaɗe shi, ta fita ta tayar da janareta da kanta. Wata huɗu ke nan da rasuwar Yamusa, kuma tun ranar da aka kai shi asibiti ba wanda ya taɓa na'urar. Ita kanta Asibi ba sonta take yi ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana masa mita a kanta: mutum ya yi ritaya daga aikin ɗakin gwaje-gwaje, maimakon ya huta, sai ya tasa akwatin ƙarfe a gaba yana ƙona fetur.

Yau kuwa dole ce ta kawo ta. Mutumin da ya sayi gonar makwabtansu ya kafa turakun siminti, ya haɗa da layi goma sha biyu na doyarta da bishiyar ɗorawa. Jibi Asabar dattawa za su zauna a kan maganar. Kawun Yamusa, wanda ya san iyakar kamar tafin hannunsa, ya daɗe da rasuwa. Amma shekara bakwai da suka wuce Yamusa ya ɗauke shi a bidiyo yana taka iyakar, tsohon mai gonar na biye da shi. Bidiyon yana cikin kwamfutar nan, ba shi a ko'ina kuma.

Ta danna maɓallin yadda ta saba ganin yana yi. Fankar cikin akwatin ta yi ƙugi, allon ya kawo haske, sannan ya koma baƙi ƙirin da layi ɗaya na Turanci. Karatun Asibi bai yi nisa ba, amma ta gane kalmar farko, ta kuma san ba a fara maganar alheri da ita. Ta kashe ta kunna sau uku, sannan ta kira Prudence, 'yar makwabciyarta, wadda ke gyaran kwamfuta a wani shago kusa da tashar Jabi.

Da azahar Prudence ta iso ƙauyensu Sheda da jakar kayan aikinta. Ta gaida Asibi, ta sha ruwa, ta ja kujera.

"Mama, cewa yake bai ga Windows ba," in ji ta. "Abin da ke tayar da shi ke nan. Ya duba inda ya saba samu, babu."

"Ni dai abu ɗaya zan roƙe ki. Na ji an ce ku masu gyara goge komai kuke yi, ku zuba sabo."

"Format? Ba zan yi ba, Mama. Sai na ga inda matsalar yake."

Ta leƙa bayan akwatin ko an manta filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, a jiki, babu. Ta buɗe wurin faifai, ta ciro wani tsohon faifan waƙoƙin coci, ta sake kunnawa. Layin nan ya dawo. Sai ta kunna tana ta dukan wani maɓalli har wani shuɗin shafi ya fito, wanda ta ce sunansa bayos, nan ne na'urar ke lissafa kayan cikinta. Kwanan watan da ke jiki ya koma baya shekaru da yawa.

"Ƙaramin batirinsa ya mutu, wannan ba komai ba ne," in ji Prudence. Asibi ta fara jin sanyi a ranta, amma yarinyar ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Abin da bai yi mini daɗi ba, hard disk ɗin bai fito a list ba. Shi ne ma'ajin, Windows da bidiyo duk suna cikinsa. Ko waya ya saki, ko ya lalace."

Ta kashe wuta, ta kwantar da akwatin, ta ɗauko sukudireba. Sukurorin ba su ma ɗauru sosai ba. Da ta zare murfin sai ta matsa gefe don Asibi ta gani da idonta. Gurbin ma'ajin wayam yake. Wayoyi biyu da ya kamata su shiga jikinsa an naɗe su, an ɗaure da guntun robar tiyub.

Nan take Asibi ta fara lissafa waɗanda suka shiga ɗakin nan lokacin makoki, kuma sunan da ya fara zuwa mata shi ne Dominic, ƙanen mijinta. Mako uku ke nan yana amsa gaisuwarta da ƙyar, in ta aika masa tuwo ya dawo yadda ya tafi. Har ta buɗe baki za ta faɗi abin da ba ya maiduwa, sai idonta ya tsaya a kan ɗaurin robar. Zarge ɗaya ne da ɗan kunne a gefe, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Haka Yamusa ke ɗaure bakin buhun iri. Ɓarawo kuwa ba ya tsayawa gyara wa mutum wayoyi.

Sai abin ya dawo mata. Wata damina tsawa ta taɓa bi ta waya ta ƙona masa kwamfutar farko, ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Tun daga nan in zai yi tafiyar kwanaki sai ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule a ɗaki, ita kuma ba ta taɓa tambayar me yake cirewa ba. Safiyar da za a kai shi asibiti ma ta gan shi da sukudireba, hannu ɗaya dafe da ciki, daga baya ta hango shi yana saukowa daga rumbu. Har faɗa ta yi masa, mota na jira. A danginsu mace ba ta hawa rumbun miji, kuma bayan makoki rumbun ya koma hannun ƙanensa.

Ta tarar da Dominic a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya.

"Baban Divine, da ka buɗe rumbun yayanka, ba ka ga wani ƙunshi ba?"

Ya ajiye fartanyar a hankali. "Ashe kin sani da shi."

"Yau na sani. Yana ina?"

"Maman Nathan, na samu abu a cikin dawa, baƙin leda, an ɗaure tamau, ga nauyi. Yayana ciwon ciki ya kashe shi, likita bai ce ga sunan ciwon ba. Me kike so in yi tunani? Ban taɓa da hannu ba. Da sanda na ɗauka, na rataye a bishiya bakin rafi. Pastor zai zo ran Lahadi a ƙona."

Shekara talatin da biyu Asibi tana gidan nan, ita ta yi jinyar uwarsu, amma ashe mako uku ana kallonta a matsayin wadda ta yi wa mijinta asiri. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Sai dai ta tuna ɗazu-ɗazun nan ita ma ɓarawo ta ɗauke shi, don haka ta haɗiye maganar.

"Tashi mu je," ta ce. "Gonar yayanka ce ka rataye a bishiya."

Ruwan sama na mako uku ya sauka a kan ƙunshin. A tsakar gida Prudence ta ja kunnen robar, ɗaurin ya kwance. Leda ta farko a jiƙe, ta biyu da ɗan danshi, ta uku a bushe. A ciki akwai robar abinci mai murfi, wadda Asibi ta yi wata huɗu tana zargin matan makoki da ita. A cikin robar, naɗe da tsohuwar singiletin Yamusa, ga ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu.

Prudence ta sa shi a gurbinsa, ta haɗa wayoyin biyu, ta canza batir, ta gyara kwanan wata. Ta shiga bayos, sunan ma'ajin ya fito, ta sa shi a farkon layi. Na'urar ta yi ta nishi irin na tsofaffi, sannan allon ya buɗe da hoton gonar doya. Fayil ɗin bai yi wuyar samu ba, domin Yamusa ya rubuta masa suna ɓaro-ɓaro: Iyakar Gona.

Ga kawu nan da sandarsa yana tafe cikin ciyawa. Ya wuce ɗorawar da taku ashirin kafin ya tsaya a kan wani dutse, ya ce nan ne, tsohon makwabcin ya gyaɗa kai. Sai wata murya ta fito daga bayan kyamara, a kusa, kamar mai ita yana ɗakin.

"Kawu, sake faɗa da ƙarfi. Saboda Asibi nake ɗauka, ita za a bari da gonar nan."

Dominic yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Asibi ta share fuska da gefen zane, ta ce wa Prudence ta kwafe bidiyon gida uku, ɗaya a filash, ɗaya a waya, ɗaya ta tafi da shi Jabi.

Sannan ta shiga madafa ta zubo tuwo da miyar kuka, ta ajiye a gaban ƙanen mijinta. Ya wanke hannu ya zauna, ya cinye tas.