Kujerar Karatun Da Na Ba Gado Da Bakina

Ni da Gado tare muka taso a Zurmi, tare muka kama koyar da kimiyya a wata makaranta a Kaura Namoda. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kujerar ƙaro karatu guda ɗaya tak ta fito. Ni ko shi.

Wallahi na fi shi iya allo da alli. Amma tunda wani abokinsa ya aiko masa da mujallun bincike, kansa ya kumbura, ɗalibai suka koma ajinsa har da masu leƙe ta taga. Ni kuwa hassada ta hana ni cin tuwo.

Sai na hau motar Shinkafi ran kasuwa, na sami Alhaji Labbo, dillalin shanu kuma shugaban kwamitin zaɓen wanda za a ba kujerar. Na ce masa Gado na koya wa 'ya'yan Musulmi wai mutum da yis ɗin burodi dangi ne.

"Subhanallahi! Ni da kaina zan ji," in ji shi.

Ran Litinin ya shigo ajin Gado, ni ina bakin ƙofa, raina fes. Gado bai ko daburce ba. Ya ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaren gado a naɗe kamar zare a jikin mazari, kuma wasu furotin ne ke sassauta naɗin ko su ɗaure shi. Ɓangaren da suke kama zaren da shi, kusan iri ɗaya ne a yis, da gero, da saniya, da mutum, ya daɗe ƙwarai bai sauya ba.

Alhaji ya ɗaga sanda. "Mi ya hana shi sauyawa?"

"Wanda nasa ya lalace ba ya kaiwa ga haihuwa, Alhaji."

Tsohon ya ce, "Haka abin yake a garke. Ikon Allah! Ci gaba, yaro."

Kai! Awa guda yana tambaya kamar ɗan aji.

Da aka tashi ya ce kujera ta Gado ce. Ya juyo ya riƙe hannuna a gaban kowa.

"Malam Muhtari, Allah shi yi maka albarka. Da ba ka kawo mini ƙarar wanga yaro ba, da ban ji wannan karatu ba."

Gado ya dube ni, alli na hannunsa.

"Muhtari," ya ce a hankali, "kai ne?"